TARIHIN RUDOLF DIESEL, MAƘAGIN INJIN DIZAL (1858-1913)

Gabatarwa

A shafinmu na tarihin mashahuran mutane, bana mun zaɓo wani Bajamushe wanda muke yawan ambaton sunansa ba tare da mun san sunan mutum ba ne. Kalmar nan dizal da muke gani a rubuce a gidajen mai, wato man da direbobinmu suka fi sani da gas, ta samo asali ne daga sunan Rudolf Diesel. Manyan motocin ɗaukar kaya, da tarakta, da kan jirgin ƙasa, da janaretan asibiti, da injin niƙa na bakin kasuwa, duk da irin injin da ya ƙago suke aiki.

Abin da kowa ya san injin dizal da shi shi ne ƙara da jijjiga. Wannan hali yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihin mutumin da ya ƙago injin. Wanda ya fahimci abin da Diesel ya nema, da irin hanyar da ya bi har ya samu, zai iya bambance jijjigar da take ɗabi'ar injin ce da wadda take alamar ciwo. Saboda haka za mu kawo muku tarihinsa, 'yan'uwa ɗalibai, sannan mu duba yadda hanyarsa ta bincike take amfanar mai mota da makanike har yau.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Rudolf Diesel a birnin Faris na ƙasar Faransa ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne daga jihar Bavaria waɗanda neman abinci ya kai su Faris. Mahaifinsa, Theodor, mutumin garin Augsburg ne. Ya koyi sana'ar ɗinkin littattafai, daga baya ya koma dukanci, yana yin jakunkuna da sauran kayan fata. Mahaifiyarsa, Elise, 'yar garin Nuremberg ce. Rudolf shi ne na biyu cikin 'ya'ya uku, kuma shi kaɗai ne namiji.

Gidan ba na masu hali ba ne. Tun yana ƙarami yake taya mahaifinsa aiki, yana tura baro yana kai wa masu saye kayansu. In ya sami sarari sai ya nufi wani gidan adana kayan fasaha na birnin, inda aka jera tsofaffin injuna, ya zauna yana zana su a takarda. Da ma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A shekarar 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da jihohin Jamusawa. Aka umarci Jamusawa mazauna Faris su fice. Iyalin suka bar shagonsu suka yi gudun hijira zuwa Landan. A can talauci ya ƙara tsananta, har ya zama iyayen ba za su iya ɗaukar nauyin karatunsa ba. Sai suka sa shi a hanya shi kaɗai, yana ɗan shekara 12, zuwa Augsburg wurin danginsu, Christoph Barnickel da matarsa Barbara. Shi Barnickel malamin lissafi ne a makarantar koyon sana'a ta garin, kuma a nan Rudolf ya ci gaba da karatu.

Karatunsa

Yana ɗan shekara 14 ya rubuta wa iyayensa wasiƙa ya sanar da su cewa ya yanke shawarar zama injiniya. Su kuwa sun fi son ya kama sana'a da wuri ya fara taimakon gida. Bai saki karatun ba. A 1873 ya gama makarantar yana na ɗaya a ajinsu, ya wuce makarantar masana'antu ta Augsburg. A 1875 ƙoƙarinsa ya samo masa tallafin karatu zuwa babbar kwalejin fasaha ta birnin Munik.

A Munik ne ya gamu da malamin da ya juya rayuwarsa, Farfesa Carl von Linde, gwanin ilimin zafi kuma maƙagin injunan sanyaya kaya. A wani darasi a 1878, Linde ya bayyana wa ɗalibansa cewa injin tururi, wanda shi ne ke juya masana'antu da jiragen ƙasa a lokacin, ba ya mai da fiye da kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na zafin kwal zuwa aiki. Wato in an ƙona buhu 10 na kwal, da ƙyar ƙarfin buhu 1 ke juya inji, saura duk sun bi hayaƙi da tururi. Linde ya kuma koya musu nazarin wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna cewa gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin cikin inji da sanyin waje, gwargwadon aikin da za a iya tatsa daga mai. Wannan asara ta kwal ta tsaya wa Diesel a rai, ya ƙudurta sai ya nemo mata magani.

A 1879 zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, har ya rasa jarrabawar ƙarshe tare da 'yan ajinsu. Kafin wata jarrabawar ta zagayo sai ya tafi masana'antar Sulzer a garin Winterthur na ƙasar Suwizalan, ya koyi aikin ƙarfe da hannunsa. A watan Janairu na 1880 ya kammala karatu da sakamako mafi daraja.

Daga aikin ƙanƙara zuwa sabon inji

Da ya gama sai ya koma Faris ya taimaka wajen kafa masana'antar ƙanƙara ta malaminsa Linde, kuma cikin shekara guda ya zama shugabanta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku. Da rana yana aikin kamfani, da dare yana lissafin injinsa. Ya shafe shekaru yana ƙoƙarin ƙera injin da zai yi aiki da tururin sinadarin amoniya a maimakon tururin ruwa, amma abin bai yi ba, ya bar shi. A 1890 kamfanin Linde ya mai da shi Balin, kuma a can ne tunaninsa ya nuna.

Ga yadda tunanin yake. Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya san bakin famfo yakan yi zafi, domin iska in an matse ta sai ta ɗau zafi. Injin da Nikolaus Otto ya ƙago a 1876, wanda shi ne kakan injin fetur, yana gauraya iska da mai, ya matse su tare, sannan a kunna musu wuta. Ba a iya matse su sosai, don za su kama da kansu tun lokaci bai yi ba. Diesel ya ga cewa in aka matse iska zalla, babu abin da zai kama, saboda haka ana iya matse ta iyakar matsewa har ta yi zafi ƙwarai. A daidai lokacin sai a fesa mai a ciki, zafin iskar kawai ya kunna shi. Babu buƙatar fulogi, kuma tsananin zafin zai sa a tatsi aiki mai yawa daga mai kaɗan.

Ya nemi takardar mallakar wannan fasaha a watan Fabrairu na 1892, aka ba shi ranar 23 ga Fabrairu, 1893, mai lamba 67207. A shekarar ya wallafa ƙaramin littafi yana bayyana injin. A takarda ya lissafa cewa za a matse iska har matsinta ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 250, kuma injin ba zai buƙaci ruwan sanyaya ba. Masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba, kuma a waɗannan wurare biyu gaskiya suka faɗa. Diesel ya sake lissafi, ya rage matsin, ya gyara tsarin ƙonewar man, ya sake neman wata takardar mallaka kafin ƙarshen 1893.

Shekaru huɗu na gwaji

Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, ya yarda ya ba shi wurin aiki da ma'aikata. Kamfanin Krupp na garin Essen shi ma ya zuba kuɗi.

Ranar 10 ga Agusta, 1893, aka gwada injin farko, mai silinda guda. A jikinsa akwai wata na'ura mai alƙalami, wadda ke zana a takarda yadda matsin cikin silinda ke hawa da sauka. Da aka fesa mai sai ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa na'urar, ɓaraguzanta suka yi sama. Injin bai iya juya kansa ba, amma an tabbatar da abu guda, wato zafin iska kawai yana kunna mai. Ranar 17 ga Fabrairu, 1894, injin da aka gyara ya juya da ƙarfin kansa na kimanin minti guda.

Daga nan aka shiga aiki mai cin rai. Iska tana zurarewa ta gefen fistin, bawul yana yoyo, man ba ya watsuwa daidai, wani lokaci inji ya yi ta ƙwanƙwasa, wani lokaci ya mutu. Diesel ba ya gyara da ka. Yakan duba zanen da alƙalamin nan ya yi, ya gane ko man ya kama da wuri ne ko ya makara, ya canja abin da yake zargi, ya sake tayar da inji, ya rubuta sakamakon a littafin gwaji. Ya gwada fetur, da kananzir, da iskar gas. A ƙarshe ya daidaita a kan hura man cikin silinda da matsattsiyar iska, ya rage matsin zuwa ninki 30 da 'yan kai, ya kuma yarda da ruwan sanyaya da ya ce ba a buƙata. Wani matashin injiniya, Imanuel Lauster, shi ya zana inji na uku a 1896.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter na kwalejin Munik ya auna wannan inji a hukumance. Faɗin silindarsa milimita 250 ne, fistin yana tafiyar milimita 400, ƙarfinsa ya kusa na doki 18. An samu yana mai da kashi 26.2 cikin 100 na zafin mai zuwa aiki, fiye da ninki biyu na injin tururi. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Wannan inji an adana shi a gidan kayan tarihin kimiyya na Munik.

Ɗaukaka da arziki

Nan da nan kamfanoni suka yi ta rububin sayen izinin ƙera injin. A 1897 wani attajirin Amurka, Adolphus Busch, ya biya mak miliyan 1 na kuɗin Jamus. Emanuel Nobel ya saya don Rasha, kamfanin Burmeister da Wain kuma ya saya don Denmak. Yaron da ya tura baro a Faris ya zama miloniya yana ɗan shekara 40, ya gina katafaren gida a Munik.

A babban bajekolin duniya na Faris a 1900, injin dizal ya ci babbar lambar yabo. A nan ne kuma aka tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa, bisa roƙon gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da take mulka inda ake noman gyaɗa. Diesel ya riƙa ambaton wannan gwaji a jawabansa na 1912, yana ganin wata rana man tsirrai zai yi muhimmanci kamar man ƙasa.

Injin ya fara yaɗuwa a ruwa. A 1903 aka sa shi a wani jirgin dakon mai na kogi a Rasha, mai suna Vandal. A 1912 jirgin Selandia na Denmak ya ƙetare teku zuwa Bankok da injin dizal, ba shi da doguwar bututun hayaƙi irin ta jiragen tururi. Amma burin Diesel ya wuce na jirage. Shi ɗan baduku ne, ya ga yadda manyan masana'antu masu injin tururi suka danne masu ƙananan sana'o'i, yana fatan injinsa zai ba ƙaramin mai sana'a ƙarfin da zai tsaya da ƙafarsa. A 1903 ya rubuta littafi mai suna Solidarismus kan yadda ma'aikata za su haɗa kuɗi su mallaki masana'antu, sai dai mutane kaɗan ne suka saya.

Matsalolin da suka biyo baya

An yi gaggawar sayar da injin tun bai gama nuna ba. Da yawa daga injunan farko da aka kai wa masu saye sun lalace, aka mai da wasu, sunan injin ya ɓaci na ɗan lokaci, sai da injiniyoyin Augsburg suka yi shekaru suna gyara. Wasu suka kai shi ƙara, wasu suka yi ta rubutu cewa injin da ke aiki ya saɓa da wanda ya bayyana a takardar mallakarsa ta farko. A Ingila kuma aka riƙa ambaton Herbert Akroyd Stuart, wanda tun 1890 yake da injin mai nasa, ko da yake shi da zazzafan ƙarfe yake kunna mai.

Lafiyarsa ta taɓu. Yana fama da matsanancin ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, kuma a ƙarshen 1898 yawan aiki da damuwa suka kwantar da shi a gidan jinya. Dukiyarsa ma ta soma zurarewa. Ya zuba kuɗi a haƙar mai a yankin Galicia da cinikin filaye a Munik, ya yi mummunar asara. Duk da haka ya ci gaba da rayuwar attajirai, bai bari iyalinsa sun san zurfin ramin da ya faɗa ba.

Rasuwarsa

Da yammacin 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a tashar Antwerp ta Beljiyam, zai ƙetara zuwa Harwich a Ingila don halartar taron wani kamfanin injin dizal. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa, ya nufi ɗakinsa wajen ƙarfe 10, ya bar saƙon a tashe shi ƙarfe 6 da kwata. Da gari ya waye ba a same shi ba, kuma ba a kwanta a gadonsa ba. Bayan kimanin kwana 10, ma'aikatan wani ƙaramin jirgin Holan suka ga gawa a teku, suka cire 'yan kayan da ke aljihunta, ɗansa Eugen ya shaida cewa na mahaifinsa ne. Ya rasu yana da shekara 55.

Kafin tafiyar ya bar wa matarsa wata jaka. Da ta buɗe sai ta sami mak 20,000 da takardun da ke nuna cewa asusunsa na banki sun kusa zama wayam. Babu wanda ya ga faɗawarsa ruwa. An yi ta jita-jitar kisa, amma yawancin marubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa bashi da ciwo ne suka kai shi ga hallaka kansa.

Yadda injin ya shiga mota

Diesel bai ga injinsa yana jan mota a kasuwa ba. Injin 1897 ya haura tan 4, kuma sai da wani famfon iska na musamman yake samun mai. A 1909 Prosper L'Orange ya ƙago ƙaramin ɗakin ƙonewa da ke saman silinda, wanda ya buɗe hanyar yin ƙananan injuna. Kamfanonin Benz da MAN suka fito da manyan motoci masu dizal a 1923 da 1924. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, a 1936 kuma aka nuna ƙaramar mota Mercedes-Benz 260 D a Balin. A yau manyan injunan jiragen ruwa suna wuce kashi 50 cikin 100. Injin yana da nasa aibi: a 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Dalilin jijjigar injin dizal

Injin fetur yana matse iska da mai zuwa kamar kashi 1 cikin 10 na girmansu. Injin dizal yana matse iska zuwa kashi 1 cikin 15 har zuwa 22, zafinta ya haura digiri 500. Idan nozul ya fesa mai, akwai ɗan jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan man da ya taru ya kama gaba ɗaya, ya daki kan fistin kamar guduma. Ita ce ƙwanƙwasar da muke ji, musamman da sanyin safiya. Wato matsin nan da Diesel ya nace a kansa, shi ke kawo tsimin mai, shi ne kuma ke kawo jijjiga.

A inji mai silinda 4, kowace silinda tana ba da turi sau ɗaya cikin juyi biyu, bi da bi. Muddin turin ya zo daidai wa daida, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, wato filawil, yana daidaita juyin, robobin da inji ke zaune a kansu kuma suna shanye saura. Jijjigar ciwo tana farawa ne in wata silinda ta kasa ba da rabonta, ko wani abu mai juyawa ya karkace, ko abin da ke shanye jijjigar ya mutu.

Yadda ake gano inda ciwon yake

Ruwa ba ya tsami banza. Makanike nagari yana bin hanyar Diesel: ya lura, ya auna, ya taɓa abu ɗaya kafin na biyu.

Da farko yakan tambayi lokacin da jijjigar ke zuwa. In mota tana tsaye a firi tana rawa, kuma rawar tana canjawa in an taka totur, matsalar tana wajen inji. In sai an kai wani gudu take zuwa, kuma canja giya ba ya rage ta, sai a duba tayoyi da farfela. In sai an taka birki, faifan birki ne abin zargi.

Na biyu, duba da ido. Robobin zaman inji sukan tsage, ko baƙin mai ya jiƙa su har su saki, sai ka ga inji yana zabura in an sa giya. Karyewar fiffiken fanka guda ɗaya, ko sakin robar da ke cikin fulin gaban inji, su ma suna kawo rawa.

Na uku, hanyar mai. Toshewar matatar mai, ko ruwa a tanki, ko iska da ke shiga ta wata tsagaggiyar tiyo, ko gurɓataccen mai, duk suna sa inji sarƙewa. Gyaransu ba shi da tsada, don haka da su ake farawa.

Na huɗu, launin hayaƙi. Baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari mai warin ɗanyen gas yana nuna man bai ƙone ba. Shuɗi yana nuna inji yana shan baƙin mai. In da safe kawai yake rawa da farin hayaƙi, ya daina bayan minti ɗaya ko biyu, sau da yawa ɗaya daga cikin fulogin ɗumama silinda ne ya mutu.

Na biyar, gano silindar da ba ta aiki. A tsofaffin injuna makanike yakan sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, inji yana aiki a hankali. In ya sassauta sautin ya canja, wannan silinda lafiyarta ƙalau. In babu abin da ya canja, to da ma ba ta aiki. Amma kada a yi wannan a motocin zamani masu bututun mai na bai-ɗaya. Matsin mai a cikinsu yana ninka na iska fiye da sau 1,500, feshinsa yana huda fata ya jawo mummunan rauni. Su ana sa musu kwamfutar bincike ne, a kuma auna man da kowane nozul ke mayarwa tanki.

Na shida, in an gano silindar, sai a musanya nozul ɗinta da na wata. In matsalar ta bi nozul, shi ne mai laifi. In ta tsaya inda take, sai a auna matsin silindar, domin ringi ko bawul ko gasket na iya yin yoyo, wato irin ciwon da Diesel ya yi fama da shi a Augsburg.

Akwai kuma filawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda yawancin ƙananan motocin dizal na zamani masu kuloci ke da shi. In ya gaji yakan yi kwaramniya lokacin tayarwa da kashewa, sautin kuma ya canja in an taka kuloci. Amma in aka ji bugu mai nauyi daga ƙasan inji, ga fitilar baƙin mai ta kama, to a kashe inji nan take. Wanda ya ƙyale ƙaramar jijjiga, wata rana bututun mai zai tsage ko inji ya buga a tsakiyar daji. Wanda kuma ya kai mota wurin mai gyara da ka, zai sayi kaya huɗu masu lafiya kafin a dace da na biyar.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, muna iya ɗaukar darussa daga wannan tarihi. Talauci da gudun hijira ba su hana Diesel karatu ba. Lokacin da gwaji ya saɓa wa lissafinsa, gwajin ya bi, ya gyara lissafin, shi ya sa injinsa ya yi aiki. Wannan ita ce tarbiyyar da ake koya mana a ɗakin gwaje-gwaje, wato mu rubuta abin da muka gani ko da bai yi daidai da abin da muka zata ba. Burinsa na taimakon ƙaramin mai sana'a ma ya cika, domin mai injin niƙa a ƙauye da mai famfon ban-ruwa a fadama suna cin abinci da fasaharsa.

Darasi na ƙarshe mai ɗaci ne. Mutumin da ya iya karanta kowace alama a jikin inji ya ɓoye alamun da suka bayyana a lafiyarsa da dukiyarsa har abin ya fi ƙarfinsa. Duk wanda damuwa ta yi wa nauyi a cikinmu, ya buɗe baki ya faɗa wa iyaye, ko malami, ko likita, tun abin yana ƙarami. Rigakafi ya fi magani.